BABI NA UKU: TARIHIN LIƘI DA WARWARE LIƘI A REDIYON HAƊIN HANNU

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi ya duba tarihin wani ɓangare na aikin haɗa rediyo wanda ba a cika mayar da hankali a kansa ba, watau cire kayan da aka riga aka liƙa domin a maye gurbinsu da wasu. Rediyon da ake magana a kansa a nan shi ne na'ura mai aikawa da karɓa, 'yar'uwar wadda jama'a suka fi sani da oba-oba, sai dai ita tana aiki a kan gajeren zango, ta yadda muryar mai ita za ta iya ƙetare teku. Masu amfani da irin wannan na'ura su ne 'yan sha'awar rediyo, watau mutanen da hukumomin ƙasashensu suka ba lasisi bayan sun ci jarrabawa, domin su yi magana da junansu su kuma yi gwaje-gwaje, ba don neman kuɗi ba. Kowane ɗayansu yana da lambar kira wadda ke farawa da haruffan ƙasarsa, alal misali 5N ga Nijeriya, 5U ga Nijar, VU ga Indiya.

Abin da babin ke son nunawa shi ne, kusan duk wani ci gaba da aka samu wajen sauƙaƙa haɗa wannan na'ura ya zo da ƙarin wuya wajen warware ta. An ɗauki rile a matsayin ma'auni domin ya girmi rediyon kansa, kuma shi ne kayan da ke motsi da kansa a cikin na'urar, saboda haka shi ne kan riga saura gajiya.

3.1 Dalilin Haɗawa da Hannu

A farkon ƙarni na ashirin da wuya a sami kantin da mutum zai shiga ya sayi na'urar aikawa a haɗe. Yawanci mai so sai dai ya naɗa wayarsa, ya yanka katakonsa, ya haɗa abinsa. A shekarar 1912, bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic, majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta wajabta lasisi, ta kuma tura 'yan sha'awa zuwa zangon da bai wuce mita 200 ba, bisa zaton cewa wannan yanki ba shi da wani amfani. A 1913 aka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama RSGB a Landan, a 1914 kuma Hiram Percy Maxim ya kafa ARRL a Amurka. Yankin da aka raina shi ne ya zo ya ba da mamaki. A watan Nuwamba na 1923 Léon Deloy da ke birnin Nis a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz da ke Amurka a kan zango mai kimanin mita 100. A 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Faris.

Daga wannan tarihi ne suka gaji wata dama wadda sauran masu amfani da rediyo ba su da ita. A Amurka da ƙasashe da dama, ɗan sha'awa mai lasisi yana da ikon ya ƙera na'urar aikawarsa ko ya sauya mata fasali, ya kuma hau iska da ita ba tare da ya kai ta hukuma ta gwada ba. Amma damar tana tafe da nauyi. Duk abin da na'urar ta watsa, ko da kuskuren wanda ya zana ta ne, alhakinsa yana wuyan mai lasisin. Wannan nauyi ne ya sa iya gyara ya zama dole a gare su, kuma za a ga yadda ya yi aiki a ƙarshen babin.

3.2 Dalma da Ƙarfen Liƙi a Zamanin Bawul

Abin da ke riƙe kayan rediyo wuri ɗaya shi ne dalmar liƙi, wadda masu gyara a kasuwa ke ce wa lid. Haɗi ce ta kuza da dalma. Wadda aka fi amfani da ita tsawon ƙarni na ashirin tana da kashi 60 na kuza da kashi 40 na dalma, akwai kuma mai kashi 63 da 37 wadda ke narkewa a kan digiri 183 na ma'aunin Salshiyos. A tsakiyar zaren nata akan zuba wani ƙaro da ake samu daga itace, wanda aikinsa shi ne ya cinye tsatsar da ke kan ƙarfe domin dalmar ta kama. Idan babu ƙaron, sai dalmar ta dunƙule kamar ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza, ta ƙi shiga.

Da farko da dunƙulen jan ƙarfe mai mariƙi ake liƙi, a ɗora shi a wuta ya yi zafi a ɗauko, kamar dai yadda masu ƙera fitilar aci-bal-bal da mazurari ke yi da gwangwani. A 1921 Ernst Sachs a Jamus ya yi rajistar ƙarfen liƙi mai aiki da lantarki, a 1946 kuma Carl Weller a Amurka ya sami rajistar bindigar liƙi mai ɗaukar zafi cikin daƙiƙoƙi. Waɗannan kayan aiki manya ne, kuma sun dace da aikin zamaninsu.

A wancan zamani, watau daga shekarun 1920 zuwa na 1950, akan gina rediyo a kan faranti na ƙarfe. A sama akwai bawul, kwalaben nan masu haske da zafi, a ƙasa kuma akan ja waya daga wannan kunne zuwa wancan. Ƙa'idar da aka koyar ita ce a zura ƙafar rizista ko kwandansa a cikin kunnen, a lanƙwasa ta ta naɗe shi sosai har ta tsaya da kanta, sa'an nan a zuba dalma. Cire irin wannan liƙi yana da cin rai, domin sai an narkar da dalmar da hannu ɗaya, ana kwance ƙafar da filaya da ɗaya hannun. Duk da haka ba ya da haɗari sosai. Kunnen ƙarfe ba ya ƙonewa, kuma idan ya karye akwai wani a sayo a ɗaure da kusa. Bawul kuwa, wanda shi ne ya fi yawan mutuwa, ba a ma liƙa shi. A cikin soket yake zaune, sai a tuge shi a cusa sabo.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da 'yan sha'awa, a Ingila tun 1939, a Amurka tun Disamba 1941. Da aka gama yaƙin sai rarar kayan soja suka cika kasuwa a kan farashi mai rahusa ƙwarai, cikinsu har da rediyoyin jiragen sama irin su BC-348 da ARC-5. Dubban mutane suka saye su, wasu suka sauya musu zango, wasu suka wargaza su suka kwashe kayan ciki. Ana iya cewa a nan ne warware liƙi ya zama fanni mai zaman kansa, domin wanda ya iya cire kaya ba tare da ya lalata shi ba, shi ne ya fi kowa arzikin kayan aiki.

3.3 Zuwan Allo

Daga rarar kayan yaƙin ne kamfanin Heath da ke Benton Harbor a jihar Mishigan ya fara sayar da kayan lantarki a warwatse cikin kwali a 1947, tare da littafin da ke bin mai haɗawa mataki-mataki. Sunan Heathkit ya zama ruwan dare. Kamfanin Collins kuma ya fito da KWM-1 a 1957 da KWM-2 a 1959, inda aka haɗe na'urar aikawa da ta karɓa a cikin akwati ɗaya suna raba kaya. Heath ya bi sahu da irin nasa masu araha, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne HW-101, mai bawul kusan ashirin, wanda aka sayar daga 1970 zuwa 1983.

Abin da ya sa mutumin da bai taɓa karatun injiniya ba ya iya haɗa na'ura mai sarƙaƙiya haka a kan teburin ɗakinsa shi ne allo mai zanen jan ƙarfe, wanda masu gyara ke ce wa fanel. Ana jingina ƙirƙirarsa ga Paul Eisler, ɗan Ostiriya da ya yi hijira zuwa Ingila a 1936. A kan allon, siraran layukan jan ƙarfe ne suka maye gurbin waya, kowace ƙafa tana da raminta, kowane rami yana da zoben jan ƙarfe a bakinsa. Mai haɗawa ba ya bukatar sanin inda waya za ta bi. Ya dai cusa ƙafa, ya juya allo, ya liƙa.

Sauƙin ya zo da farashinsa. Jan ƙarfen da ke kan allo bai kai kaurin takarda ba, kuma da gam aka manna shi. Idan ƙarfen liƙi ya daɗe a kai, gam ɗin ya saki, sai zoben ya ɗago ya biyo ƙafar da ake cirewa. Allunan farko na takarda ne da aka jiƙa da wani ƙaro aka danne, kuma zafin bawul na shekara da shekaru kan gasa su har su yi baƙi su riƙa ɓarewa. Bindigar liƙin da ta yi wa faranti daidai ta yi wa allo yawa. Bayan ƙirƙirar taransista a ɗakin binciken Bell a Disamba 1947 da bazuwarta a shekarun 1960, sai ga wani kaya kuma wanda shi kansa zafi ke kashe shi. A wannan zamani ne kayan aikin cire dalma guda biyu suka zama na kowa. Na farko famfo ne mai kama da sirinji, wanda ake dannawa a saki ya zuƙe narkakkiyar dalma. Na biyu lagwani ne na saƙaƙƙen jan ƙarfe mai ƙaro a jiki, a ɗora shi a kan liƙin a danna da ƙarfe mai zafi, ya tsotse dalmar kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir.

Daga baya aka koma allo mai fuska biyu, inda aka shafe cikin kowane rami da jan ƙarfe domin ya haɗa layin sama da na ƙasa. Liƙi a kansa ya fi ƙarfi, domin dalma tana cika ramin daga baki zuwa baki. Amma wannan ƙarfin ne matsalar mai gyara. Famfo zai iya zuƙe dalmar da ke baki ya bar wani ɗan siriri a ciki, kuma idan aka ja ƙafar da ƙarfi sai ta fito da rufin ramin gaba ɗaya, hanyar da ke tsakanin sama da ƙasa ta yanke ba tare da ido ya gani ba.

Ba kowa ne ya yarda da allon ba. A 1977 Wes Hayward da Doug DeMaw suka fitar da littafi kan ƙirar rediyo da taransista wanda ARRL ta buga, a 1981 kuma Hayward da ɗansa Roger suka bayyana a mujallar QST wani salon gini da su da kansu suka kira mummuna. A wannan salo ba a huda rami. Ana ɗaukar allo mai shimfiɗar jan ƙarfe ɗungurungum, a liƙa kaya a kansa suna tsaye ko suna kwance ƙafafu sama, a haɗa su a iska. Ba shi da kyan gani, amma duk abin da aka sa ana iya cire shi cikin daƙiƙa biyu, kuma wannan ne ya sa masu gwaji suka riƙe shi har yau. Heath ya bar sana'ar kayan kwali a 1992, lokacin da na'urorin Japan haɗaɗɗu suka mamaye kasuwa. Ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin masu ƙaramin ƙarfi, irin su G-QRP da Rabaran George Dobbs ya kafa a Ingila a 1974, su ne suka ci gaba da riƙe al'adar.

3.4 Rile

Rile makunni ne wanda lantarki ke kunnawa a madadin yatsa. A cikinsa akwai naɗin waya wanda ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta ciki, sai ya jawo wani harshen ƙarfe ya bar wannan baki ya taɓa wancan. Direbobi da makanikai sun san shi a mota, shi ne ke ƙarar ƙyas-ƙyas idan an kunna sigina. Asalinsa a wayar tangaraho yake, a shekarun 1830, inda ake ambaton Joseph Henry a Amurka da Edward Davy a Ingila. Aikinsa a can shi ne ya karɓi raunanan wutar da ta yi doguwar tafiya ya kunna sabuwa mai ƙarfi, kamar yadda manzo ke sauya doki a zango, kuma daga sauyin dokin ne ma sunan ya samo asali.

A cikin na'ura mai aikawa da karɓa, rile yana da aiki biyu. Na farko shi ne juya eriya. Eriya ɗaya ce ke aikin biyu, saboda haka da zarar an danna maɓallin magana dole a cire ta daga ɓangaren karɓa a kai ta ɓangaren aikawa, in ba haka ba ƙarfin da ke fita zai ƙone kunnen na'urar. Na biyu ya zo ne da na'urori masu zango da yawa, inda kowane zango ke da rariyarsa, watau haɗin kwayil da kwandansa da ke barin siginar da ake so ta wuce ya tare saura. Rile ne ke zaɓen rariyar da za a bi.

Lalacewarsa iri biyu ce, kuma suna kishiyantar juna. Idan bakin ya buɗe ko ya rufe alhali ƙarfin aikawa yana bi ta ciki, tartsatsi kan tashi ya ƙone shi kaɗan-kaɗan har ya yi rami ko ya manne. Idan kuma wutar da ke bi ba ta da ƙarfi, kamar a lokacin karɓa inda siginar ba ta wuce 'yan kashi cikin miliyan na bolt ɗaya ba, to ɗan siririn datti ko tsatsa ya isa ya tare ta. Alamar wannan sananniya ce ga masu tsofaffin na'urori: rediyo ya kurmance haka kawai, a danna maɓalli sau ɗaya ko a ɗan bugi akwatin, sai murya ta dawo. Domin haka ne ake shafa wa bakin ƙananan rile zinariya.

A zamanin HW-101 rile babba ne, ana iya kai hannu ga bakinsa. Mai gyara kan zura tsiri na takarda tsakanin bakunan ya ja a hankali, ya kauce wa magagari domin yana kankare rufin. Rile na zamani kuwa ƙarami ne kamar ƙwayar dabino, a rufe ruf cikin roba, an kuma liƙa ƙafafunsa a allo. Ya fi na da daɗewa, amma ranar da ya gaza babu wani magani sai cirewa. Wasu masu ƙira sun yi ƙoƙarin rage dogaro da shi. Na'urar K2 ta kamfanin Elecraft, wadda ta fito a 1999 a matsayin kayan kwali, ta yi amfani da dayod wajen juya eriya, amma wajen zaɓen rariya sai da ta koma ga rile, irin wanda ke tsayawa inda aka ajiye shi ba tare da ya ci gaba da shan batir ba. Dalili shi ne har yanzu ƙarfe biyu da suka taɓa juna sun fi sauran hanyoyi barin sigina ta wuce ba tare da ta gurɓata ba, kuma sun fi araha.

3.5 Darasin µBITX

Misalin da ya tattaro duk waɗannan zare wuri ɗaya ya fito ne daga Indiya. A farkon shekarun 2000 Ashhar Farhan, mai lambar kira VU2ESE a birnin Haidarabad, ya zana wata na'ura mai aiki a kan megahaz 14 da ya kira BITX20. Manufarsa ita ce a iya haɗa ta da kayan da ake samu a kowace kasuwar gyaran talabijin, har ma ya yi amfani da zoben roba na famfon ruwa wajen naɗa kwayil. A ƙarshen 2017 kamfaninsa, HF Signals, ya fito da µBITX, mai aiki daga megahaz 3 zuwa 30, da ƙarfin da ya kai wat 10 a ƙananan zanguna, a kan dala 109. Na'urar da ta yi wannan aiki daga manyan kamfanoni ta ninka wannan kuɗi sau da yawa, saboda haka aka yi rububinta a duniya.

Yana da kyau a lura da irin haɗin hannun da ya rage wa mai saye. Allon yana zuwa ne da kayansa a liƙe, yawancinsu irin ƙananan nan masu kama da ƙwayar shinkafa waɗanda ake mannawa a fuskar allo ba tare da rami ba. Aikin mai saye shi ne ya haɗa wayoyin lasifika da makirufo da maɓallai, ya nemi akwati. Watau haɗawa ta kai matuƙar sauƙi.

A cikin 2018 wasu masu na'urar auna sigina suka gano cewa zubi na uku da na huɗu na allon suna watsa abin da ya wuce ƙa'ida a wasu zanguna. Kowace na'urar aikawa, bayan siginar da ake so, tana haifar da wasu a kan ninkinta. Wanda ke aikawa a kan megahaz 7 yana kuma fitar da wani abu a kan 14 da 21 da 35. Tsarin taransista biyu masu aiki bi da bi, irin wanda µBITX ke da shi da IRF510 guda biyu, yana danne ninki na biyu da na huɗu, amma ya bar na uku da na biyar, kuma aikin rariya ne ta tare su. Dokar hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ce a ƙasa da megahaz 30 duk wata sigina ta banza dole ta kasance ƙasa da ta ainihi da aƙalla desibel 43, watau kada ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu ashirin na ƙarfinta. Wanda ya wuce haka yana iya shiga zangon wasu, kuma kamar yadda aka faɗa a baya, lasisinsa ne a kan layi ba na mai ƙira ba.

Da aka bi diddigi sai aka ga rariyoyin kansu ba su da laifi sosai. Matsalar tana wajen rile guda uku da ke zaɓen su. Kowane rile yana da harshe biyu a cikin gida ɗaya, kuma domin a rage kuɗi da fili an bi da mashigar rariya ta harshe ɗaya, mafitarta ta ɗaya harshen. A wutar batir wannan ba komai ba ne, tunda harsunan ba sa taɓa juna. Amma sigina mai kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa ba ta bukatar taɓawa. Ƙarafa biyu da ke kusa da juna sun zama ƙaramin kwandansa, sai ninkin ya tsallaka daga mashiga zuwa mafita ya zagaye rariyar baki ɗaya, kamar ruwan da ya sami tsaga a gefen madatsa. An gwada magunguna iri-iri. Wasu sun yanke layukan allo sun ja sababbin wayoyi, wasu sun gina allon rariya na daban a waje. Maganin da ya fi bazuwa shi ne a cire rile na asali a sa na Axicom, wanda ƙafafunsa suka yi daidai da ramukan, amma tsarin cikinsa bai bar sigina ta tsallaka da yawa ba.

A nan ne mutanen da suka sayi na'urar saboda ba ta bukatar ƙwarewa suka tsinci kansu a gaban ɗaya daga cikin ayyuka mafiya wuya a fannin. Kowane rile yana da ƙafa takwas a cikin allo mai fuska biyu, uku ke nan ƙafa ashirin da huɗu. Rizista mai ƙafa biyu ana iya narkar da gefe ɗaya a ɗaga, a koma ɗaya gefen. Rile kuwa ba ya motsi sai dukkan ƙafafun takwas sun saki a lokaci ɗaya, kuma jikinsa ya rufe ramukan ta sama. Bugu da ƙari, duk ƙafar da ke haɗe da faffaɗan jan ƙarfe tana shanye zafi, ta yadda ƙaramin ƙarfen liƙi zai daɗe a kai dalma ba ta narke ba, alhali gam ɗin zoben yana dahuwa. Wannan ya saɓa wa tunanin sabon shiga, wanda ke ganin ƙarancin zafi shi ne taka-tsantsan. Gogaggu sun san cewa ƙarfe mai isasshen zafi na daƙiƙa uku ya fi mai sanyi-sanyi na daƙiƙa ashirin aminci. Sun kuma san wata dabara mai kama da wauta, watau a fara ƙara sabuwar dalma a kan tsohon liƙi kafin a zuƙe, domin sabuwar tana kawo ƙaro tana kuma kai zafi har ƙasan ramin. Dabarar ta ƙara muhimmanci tun daga Yuli 2006, lokacin da dokar Tarayyar Turai ta hana dalma mai guba a yawancin kayan lantarki, aka koma haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe wanda sai ya kai kimanin digiri 217 yake narkewa.

Hanyar da ta fi tsare allo ita ce wadda ta fi kama da ɓarna. Ana sa almakashin waya a farfasa jikin tsohon rile har ƙafafun su rabu da juna, sa'an nan a zare su ɗaya bayan ɗaya, a share ramukan da lagwani. Hikimar a fili take: rile na 'yan daloli ne, allo kuwa shi ne na'urar. Wannan akasin ɗabi'ar masu wargaza rarar kayan yaƙi ne, waɗanda ke sadaukar da faranti domin su ceci kaya. Masu hali sun yi amfani da ƙarfen liƙi mai injin zuƙa a jikinsa, ko na'urar hura iska mai zafi irin ta masu gyaran wayar salula, ko wata dalma ta musamman mai narkewa a ƙaramin zafi wadda ke daɗewa ba ta daskare ba har a ɗaga kayan. Wasu, domin gudun sake shan wannan wahala, sun so su sa soket kamar na zamanin bawul. Sai dai soket yana ƙara wa ƙafafu tsawo, tsawon kuma yana ƙara tsallakawar da ake gudu, saboda haka shawarar da ta rinjaya ita ce a kwantar da rile a jikin allo a liƙe shi.

Sauyin rile bai magance komai da komai ba, kuma sakamakonsa ya bambanta daga allo zuwa allo. Akwai wata siginar banza ta daban da ke fitowa daga matakin gauraya na megahaz 45, wadda ga mai magana a kan megahaz 21 take faɗowa a kan 24, kusa ƙwarai da ta ainihi har rariyar ba za ta iya raba su ba. Wannan tana bukatar gyara a wani wuri dabam. Haka kuma mafi yawan waɗanda suka yi aikin ba su da na'urar da za ta nuna musu ko sun kai desibel 43, sai dai su dogara da awon wasu ko su kai wa wani ɗan ƙungiya mai ita ya duba. A 2019 kamfanin ya fito da zubi na biyar, inda aka sake tsara ɓangaren rariyoyin da hanyoyin da sigina ke bi, a ƙarshen shekarar kuma ya fito da na shida, wanda ake haɗawa da filogi da sukurudireba ba tare da an kunna ƙarfen liƙi ba.